Tishe kafin ƙari: yadda mai koyon harshen waje zai raba lokacinsa

Matasa da yawa daga Rano da Kibiya kukansu ɗaya ne. Wani Larabci yake nema don ya samu gurbi a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Azhar, wani Faransanci saboda fatauci zuwa Maraɗi, wani kuwa Turanci ne ya tsare shi a WAEC. Kowa cewa yake babu lokaci: safe gona, rana kasuwa, dare gajiya. Sai a tara karatun mako guda a zauna masa ranar Asabar, awa huɗu cur. Kafin wata Asabar ta zagayo, yawancinsa ya zube.

Dalilin zubewar sananne ne. A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa binciken da ya nuna cewa mantuwa ta fi ƙarfi a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, daga baya sai ta lafa. Ya kuma gano cewa maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama ɗaya zaunawa a kai. Alarammomin tsangayunmu sun daɗe suna aiki da wannan. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya, kuma ba a barinsa ya yi ta karɓar ƙari yana watsi da tishe. Abin da ke damuna shi ne yaron da ya haddace izu goma ta wannan hanya, in ya zo koyon Faransanci sai ya ajiye ta gefe.

To ga shawarata, ɗan'uwa. Ɗaura karatunka a jikin salloli, domin su ne agogon da ba ya saɓa maka. Bayan Asuba, kafin hayaniyar gida ta tashi, ba sabon darasi minti 20: kalmomi kaɗan, kowace cikin jimlarta, da ƙa'idar nahawu guda ɗaya. Bayan Isha'i kuma minti 10 na tishe kawai, kada ka buɗe sabon shafi. Kuma tishe ba kallon takarda ba ne. Rufe littafin, ka faɗi jimlar da ka, sannan ka duba. Wannan ƴar wahalar tunowa ita ce ke kafa abin a ƙwaƙwalwa. Duk abin da ka koya yau, ka waiwaye shi gobe, sannan bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Rubuta kwanan wata a gefen kowane shafi ya isa ya tsara maka wannan. Mai wayar Android zai iya sauke manhajar AnkiDroid, kyauta ce, tana yi maka lissafin ranakun, kuma tana aiki ko babu data.

Kunne kuwa ka ba shi lokacin da hannu ke aiki. Mai shuka a Rurum, da mai jiran ciniki a rumfa, da wanda ke cikin motar Kano, duk suna da sa'o'in saurare. Mai koyon Faransanci ya sauke shirin labarai cikin sauƙaƙƙen Faransanci na RFI, wanda bai wuce kimanin minti 10 ba, ya saurari guda ɗaya sau uku, ya fi ya bi uku sau ɗaiɗai.

Baki ma yana da hakkinsa. Jami'o'i na tura ɗalibansu ƙauyen koyon Faransanci na Badagry da na Larabci da aka kafa a Ngala don harshe ya saba da magana. Kai ma ka samu aboki ɗaya, ko malamin Islamiyyar unguwarku, ku ware kwata na awa sau biyu a mako wanda ba a Hausa a cikinsa.

Damina takan karya tsarin mutane da yawa. In aikin gona ya yi tsanani, ko noman rani ya taso, ko azumi ya kama, dakatar da ƙari gaba ɗaya, ka riƙe tishen minti 10. Wanda ya ajiye komai wata uku yakan dawo ya tarar sai ya koma baya sosai.

Sai lissafi, don kada a yaudare ka da alkawarin iya harshe cikin kwana talatin. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci na buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci, Larabci kuma kimanin awa 2,200. Bahaushen da ya tashi da allo ya san baƙi da wasali da tarin kalmomi, don haka Larabci zai zo masa da sauƙi fiye da haka. Duk da haka rabin awa kullum awa 180 da ɗoriya ne a shekara. Mai jarrabawa a gabansa ya ƙirga watannin da suka rage, in ba su isa ba ya ƙara zama na uku bayan La'asar, kuma ya ajiye kowane harshe na biyu har sai ya fito daga ɗakin jarrabawa.