TAKARDAR OFIS A HANNUN MAI ƘOSAI: DARASI A KAN AMANA DA SHARA



Godiya ta tabbata ga Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ranar Talatar da ta wuce na shiga Kasuwar Sabon Gari, wato Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi, neman batirin sola na masallacinmu. Da yamma na fito ta wajen Bata, na tsaya na sayi ƙosai zan kai wa yara. Baiwar Allah ta zaro takarda ta naɗe mini. Sai da na isa gida na buɗe, sannan na lura takardar wata ma'aikatar gwamnati ce, da tambarinta a sama. Wani bawan Allah ne ya rubuta yana neman hutun jinya. Ga lambar fayil ɗinsa, ga sunan ciwon da ke damunsa, ga cikakken sunansa, irin sunan nan da ake jingina bawa ga ɗaya daga cikin sunayen Allah. Mai ya jiƙa shi sharkaf.

Wallahi ban ga laifin mai ƙosai ba, ita saye ta yi. Amma a takarda ɗaya an tozarta abu uku: dukiyar jama'a, sirrin mutum, da alfarmar sunan Allah. Shi ya sa darasinmu na yau zai tsaya a kan sharar ofisoshin gwamnati: daga ina take fitowa, ina take zuwa, kuma me ya hau kan ma'aikaci game da ita.

NA ƊAYA: KAYAN OFIS NA WAYE?

Akwai maganar da ta zauna a bakinmu: "Ai kayan gwamnati ne." Da zarar an faɗe ta, kamar an halatta komai. To, ɗan uwa, gwamnati ba ta da gona, ba ta da rumbu. Rim ɗin takardar da ke kan teburinka, da tawadar firinta, da man janareta, an sayo su ne da kuɗin da mai shago a Sabon Gari da mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ɗan adaidaita sahu suke da haƙƙi a ciki. Shi ne malamanmu na fiƙihu suke kira baitul mali. Wanda ya ɓarnatar da dukiyar mutum ɗaya ya san ƙofar da zai je neman yafiya. Wanda ya ɓarnatar da ta miliyoyin mutane, ƙofar wa zai fara ƙwanƙwasawa?

Israfi shi ne wuce iyaka a cikin abin da asalinsa halal ne. Buga wasiƙa halal ne. Buga ta sau 5 saboda ba a karanta ta a kwamfuta an gyara ba tun farko, israfi ne. Kuma israfi a dukiyarka laifi ɗaya ne, a dukiyar da aka ba ka amana ya zama biyu.

NA BIYU: HALIFAN DA YA YI TSUMULMULAR TAKARDA

Umar bin Abdul'aziz (Allah Ya yi masa rahama) ya riƙi halifanci daga shekara ta 99 zuwa 101 bayan Hijira. Malaman tarihi sun ruwaito cewa gwamnansa na Madina, Abubakar bin Muhammad bin Amr bin Hazm, ya rubuta masa yana neman ƙarin takardun aiki. Halifa bai aika ba. Sai ya umarce shi da ya fiƙe alƙalaminsa ya yi siriri, ya matse tsakanin layuka, ya haɗa buƙatu da yawa a takarda ɗaya, domin ba ya son a fitar da dukiyar Musulmi a abin da ba zai amfane su ba. Shi ne kuma wanda aka ruwaito yana kashe fitilar baitul mali ya kunna tasa idan hira ta koma kan sha'anin gidansa.

Ka duba fa, daular da ta taso daga Andalus har ƙasar Sindi, amma shugabanta yana lissafin layukan takarda. Darasin a nan shi ne: rage shara yana farawa ne tun kafin a samar da ita. Takardar da ba a buga ba, babu mai wahalar kwashe ta.

NA UKU: INA SHARAR TAKE ZUWA?

Mu yi ɗan lissafi. A ce ofis mai mutum 20, kowa yana shan ledar fiya-wata 3 a rana. Leda 60 ke nan. A kwanakin aiki 22 na wata sun zama 1,320. Ofis ɗaya ke nan, ban da gorunan lemo, da robar abinci, da baƙar leda. Yanzu ka ƙiyasta ofisoshin da ke Sakatariyar Audu Bako, da Gidan Murtala, da Sakatariyar Tarayya ta titin Katsina, da sakatariyoyin ƙananan hukumomi 44 na jihar nan.

Ledar da ta kuɓuce wa kwando, kwalbati take faɗawa. Ruwan yankin Fagge da Sabon Gari kuma Jakara yake gangarawa, ita kuma ta wuce har madatsar Wasai a Minjibir, kuma a gefenta ake noman rani na latas da alayyahu da muke saya. Idan leda ta toshe magudana, ruwa gidaje da shaguna yake komawa. Ba mu manta daminar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata yadi da atamfa na maƙudan kuɗi. Toshewar hanyoyin ruwa da gini a kansu su ne abin da kowa ya yi ta kuka da shi a lokacin.

Idan kuma aka tara aka cinna mata wuta a bayan ofis, hayaƙin roba guba ne, mai asma da ƙaramin yaro su ne farkon shan wahala. Ga haɗarin gobara. Mutanen Sabon Gari sun san abin da wuta ta yi musu a watan Maris na 2016, lokacin da dubban shaguna suka ƙone. Wanda ya ga wannan ba zai yi wasa da tarin kwali da leda a lungu ba.

Akwai kuma asarar da ba a cika magana a kanta ba. Tun zamanin kakanni manoman kewayen Kano suke shigowa da jakai da mangala su kwashi sharar birni su kai gona ta zama taki. Yau takin ya cakuɗe da leda da fasassun kwalabe. Akuya da saniya su haɗiyi leda su rame, sai mahauci ya farke tumbi ya tarar da ita a dunƙule. Mun sani kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. To yaya matsayin wanda yake zuba shi?

NA HUƊU: SAKE AMFANI DA ABU YANA DA ASALI

Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wata tunkiya matacciya, wadda aka ba wa 'yantacciyar baiwar Nana Maimuna (RA) sadaka. Sai ya nuna musu cewa da sun cire fatarta sun jeme sun amfana da ita. Da suka ce ai mushe ce, sai ya bayyana musu cewa cinta ne aka haramta. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar amfani da irin wannan fata, mashhurin Malikiyya ya taƙaita shi ga busassun abubuwa da ruwa. Amma abin lura a nan: ko a jikin mushe an hana yar da ɓangaren da zai yi amfani.

Mu a Kano wannan ba baƙon abu ba ne. Ɗan gwangwan da ɗan jari-bola da kake gani da buhu ko kura, su ne suke ɗauke da wannan aiki. Roba a niƙa ta a unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa da Dakata ta dawo bokiti da buta da takalmi. Gwangwanin lemo a narka shi ya zama tukunya. Tsohon ƙarfe da kayan gini su sami mai saye a Ƙofar Ruwa. Kwali da takarda su koma kiret ɗin ƙwai da takardar goge hannu. Gorar ruwa mai zoɓo da mai kunun aya suna jiranta.

To ina matsalar? Cakuɗawa. Kwando ɗaya ne a ofis: takarda, ragowar shinkafa da miya, gora, bawon lemo, duk a ciki. Takardar da miya ta jiƙa ta tashi daga kaya ta koma ƙazanta. Sai yaro ɗan shekara 12 ya je bola ya sa hannu cikin ruɓa da fasasshen gilashi yana tsintar abin da da an ware shi tun a ofis, da tsaf zai karɓa. Kasalarmu ta minti ɗaya ita ce raunin da ke hannunsa.

Kuma ba doka ce muka rasa ba. A nan Kano aka ƙaddamar da yaƙi da ƙazanta na zamanin Buhari da Idiagbon a 1985. Muna da hukumar kwashe shara ta REMASAB. Juma'ar ƙarshen wata an ware ta don tsaftar ma'aikatu da kasuwanni da tashoshin mota, Asabar kuma ta gidaje. A watan Yuni na 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hana amfani da leda da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatu da hukumomin tarayya. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017. Doka tana iya sa a share harabar ofis ranar da za a zo dubawa. Sauran kwanakin wata kuwa sai tsoron Allah.

NA BIYAR: MAS'ALOLI UKU

1. Shin masinja ko mai shara zai iya sayar da tsofaffin takardu da gorunan ofis ya riƙe kuɗin? Abin da aka riga aka yar a kwandon shara, kamar gora da gwangwani, mai shi ya saki haƙƙinsa, babu laifi wanda ya tsinta ya amfana. Amma fayil, da tsohuwar kujera, da kwamfutar da ta lalace, da tayar mota, da duk abin da yake cikin rajistar sito, har yanzu dukiyar hukuma ne ko da ƙura ta rufe shi. Akwai ƙa'idar fitar da shi ta hanyar kwamiti da gwanjo, kuma a matakin tarayya dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta yi magana a kan haka. Ɗauka ba da izini ba yana shiga babin gululi, wato ha'inci a dukiyar jama'a. Shugaban da ya raba wa kansa da abokansa a ɓoye da sunan gwanjo, nasa ya fi muni.

2. Yaya za a yi da takarda mai ɗauke da sunan Allah ko aya? Ba a jefa ta a shara, ba a naɗe abinci da ita. A ƙone ta a wuri mai tsarki, kamar yadda Sayyidina Usman (RA) ya sa aka ƙone sauran rubuce-rubucen Alƙur'ani bayan an kammala kwafin Mus'hafi, ko a binne ta inda ba a takawa, ko a sa ta a injin yayyanka takarda har haruffan su ɓace. A ƙasarmu da wuya ka sami jerin sunayen ma'aikata babu irin waɗannan sunaye, don haka mas'alar ta kullum ce.

3. Takardar da ke ɗauke da sirrin mutane fa? Rashin lafiya, albashi, bashi, takardar tuhuma, duk amana ne. Ba a fitar da ita sai an yayyanka. Ka ɗauka naka fayil ɗin ne a hannun mai ƙosan unguwarku.

NA SHIDA: ABIN DA ZA KA IYA FARAWA RANAR LITININ

Ba sai an jira kasafin kuɗi ba.

Ka karanta ka gyara kafin ka buga, ka buga gaba da baya. Sanarwar da za ta iya tafiya ta waya ko imel, a bar ta ta tafi ta can. Takardar da bayanta fari ne kuma babu sirri a cikinta, a yanka ta zama ta ɗan rubutu.

Ka nemi kwali 3 a wajen masu shago, a rubuta a jiki: takarda, roba da gwangwani, ragowar abinci. A ajiye na huɗu mai murfi don takardun sirri da masu sunan Allah.

Ka zo da gorar ruwanka da kwanon abincinka daga gida. A wajen taro a sa babbar robar ruwa da kofuna a maimakon rabon leda.

Shugaban ofis ya yi magana da ɗan gwangwan guda ɗaya sananne, ya riƙa zuwa rana ɗaya a mako. A rubuta abin da aka sayar. Idan ƙa'ida ta ba da dama, a bar wa masu shara kuɗin a fili kowa ya sani, domin su ne mafi ƙarancin albashi kuma su ne masu wahalar.

Mu ma limamai da 'yan kwamitin masallatai ba mu tsira ba. A duba ledojin da muke bari a harabar masallaci bayan Juma'a da bayan buɗa-baki a Ramadan. Da kaina nake farawa.

Ita kuwa takardar bawan Allah nan, na ƙone ta a bayan gida na binne tokar, na kuma roƙa masa lafiya. Ban san shi ba, shi ma bai san inda sirrinsa ya kwana ba. Duk wanda yake da ɗan uwa ma'aikaci, ya isar masa da wannan tunatarwa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana a ƙaramin abu da babba, Ya tsarkake zukatanmu da garuruwanmu, Ya yafe mana abin da muka ɓarnatar da saninmu da wanda ba mu sani ba. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.