Neman bursi daga Filinge: a fara da takardu

Tambaya: Ƴata za ta zana jarrabawar BAC bana a Filinge, kuma ba ni da halin ɗaukar nauyinta a jami'a. Ina mafita?

Amsa: Hajiya, shirin neman bursi tun kafin jarrabawa yake farawa. Hukumar ANAB da ke Yamai ce ke kula da bursin gwamnati, ta hannunta kuma ake neman guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya kan bayar. Sakamakon BAC da shekarun ɗaliba ake dubawa, shi ya sa takardar haihuwa da ta shaidar ɗan ƙasa suke da nauyi. Yaran karkarar Filinge da dama ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba, kuma gyaran ta hanyar kotu yana cin lokaci.

Za a ce kuɗin kan yi jinkiri. Gaskiya ne, ɗalibai sun sha yajin karatu a kansa. Amma jinkirin yana zama bashi a kan gwamnati, wanda bai ajiye takardu ba kuwa ba ya bin kowa. Ki sa Jami'ar Tilaberi da ta Musulunci a Say cikin lissafi, ki kuma ga shugaban makarantarta a wannan makon.