Gani Ya Kori Ji: Yadda Za Ku Leƙa Yanayin Gari Kafin Ku Kama Hanya

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, irin su Faransa da Suwizalan da Ostiriya, masu zuwa wasan zamiya a kan tsaunuka ba sa barin gida sai sun leƙa. Masu wuraren wasan sun kafa kyamarori a kan duwatsun, suna turo hoto ta intanet dare da rana. Mutum yana zaune a ɗakinsa zai ga ko ƙanƙarar ta yi kauri, ko gajimare ya lulluɓe dutsen, ko layin masu jiran hawa ya yi tsawo. Ko a nan Afirka akwai irin waɗannan wurare, kamar Oukaimeden a Maroko da Afriski a Lesotho.

Mu a Kambarawa ta Katsina ƙanƙara ba ta dame mu ba. Abin da ke ɓata mana tafiya shi ne hazon da ke sauka daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris, da ruwan Agusta mai shafe kwalbati, da zafin bazara. Ɗabi'ar masu wasan zamiyar ce nake so mu ɗauka: a gani da ido kafin a biya kuɗin mota. Ga hanyoyin da na ga suna aiki, kuma yawancinsu ba su wuce kuɗin kati kaɗan ba.

1. Ku ji hasashe da dare, ku nemi gani da safe.
Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi a kai a kai, gidajen rediyo kuma suna karantawa, amma hasashe kan haɗa jihohi da dama a jimla guda. Hoton kai tsaye wuri ɗaya yake nuna muku, a daidai lokacin da kuke kallo. Ku tsara tafiya da hasashen jiya, ku yanke shawarar fita da abin da idonku ya gani yau.

2. Kyamara mafi araha tana aljihun ɗan'uwanku.
Ba mu saba da kyamarorin da aka kafa don jama'a su riƙa leƙa hanya ba, amma kusan kowane gida yana da wani nasa a Caranci ko Kankiya ko Bici. In Kano za ku, ku roƙi mutum ɗaya a tsakiyar hanya da wani a can Kano su turo bidiyon daƙiƙa goma sha biyar ta WhatsApp. Sau da yawa gari kan waye garau a Katsina alhali bayan Gidan Mutum Ɗaya ana ta sheƙa ruwa.

3. Ku faɗa wa mai turo muku abin da zai ɗauka.
In kun ce "ɗauko mana gari" kawai, fuskarsa zai turo muku da bangon shago. Ku ce ya ɗaga wayar sama ya nuna sararin samaniya, ya sauke ta kan kwalta, sannan ya nufi wani abu mai nisa da aka san tazararsa, kamar ƙarfen sabis ko hasumiyar masallacin Juma'a. A lokacin hazo wannan na ƙarshen ne ma'auni: idan ƙarfen da aka saba hangowa daga bakin titi ya ɓace, ku bari rana ta ɗaga, domin sanarwar NiMet da ke cewa nisan gani ya sauka zuwa mita 1,000 ko ƙasa da haka abin da take nufi ke nan a aikace.

4. Da damina ku kira mutanen gabas.
Kakanninmu sun san hadari daga gabas yake tasowa ya nausa yamma, kuma hotunan tauraron ɗan'adam haka suke nunawa. Saboda haka wanda ke Daura ko Mashi ko Mani yakan riga mu ganinsa, kuma kira guda zai iya ba ku lokacin kwashe shanyar hatsi, da rufe buhunan siminti, da shigo da yara. Uwargida mai shanyar kuɓewa ko barkono a tsakar gida, wannan shawarar taki ce. Mai data kuma ya buɗe Zoom Earth ko Windy, zai ga dunƙulen gajimaren yana matsowa a kan taswira.

5. Kada ku auna zurfin ruwa da bidiyo.
Ruwan da ya haye titi a hoto kwance yake, ba ya nuna ƙarfin da yake ja da shi, ba ya kuma nuna ko ya cinye ƙasan kwalbatin. Ku sa mai ɗaukar ya tsaya daga nesa har wata babbar mota ta ƙetare, ku ga inda ruwan ya kai a tayarta, in kuma babu mai ƙetarewa to ku ma ku haƙura. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 cikin dare ta zo, ta ci rayuka sama da 40, kuma duk wanda ya ga abin da ta yi wa gidaje da gadoji ba zai yi wasa da ruwa mai gudu ba.

6. Ku tambayi ranar da aka ɗauki hoton.
Matsalar tsohon hoto ce ta fi cin mutane. Bidiyon gadar da ta karye shekaru uku da suka wuce yakan dawo rukunin WhatsApp na unguwa kamar yau aka ɗauka, a fasa tafiyar asibiti ko ta ɗaurin aure a banza. Ku fi yarda da kiran bidiyo kai tsaye, ko ku ce mai turowa ya ambaci rana da lokaci da bakinsa a cikin bidiyon. Wanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu ba a san mai shi ba, ku ajiye shi gefe.

7. Maniyyata, ku kalli Harami kafin ku ɗaure jaka.
Ga kyamarar da Bahaushe ya fi sani: tashar Alƙur'ani mai nuna Masallacin Harami na Makka da tashar Sunna mai nuna Masallacin Annabi (SAW) a Madina, dare da rana, a kan tauraron ɗan'adam da kuma YouTube. Mun saba kallonsu don ibada da shauƙi, amma mai shirin Umara ko Hajji zai ƙaru sosai in ya kalla da idon matafiyi: wane lokaci filin ɗawafi ke cika maƙil, yaushe yake sassautawa, mutane laima suke riƙe da ita ko rigunan sanyi suka sa a sallar Asuba. Ku yi kwanaki kuna dubawa a lokuta daban-daban, musamman in za ku tafi da tsoho ko mai ciwon ƙafa, ku kuma tuna agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Da wannan bambancin za ku gane tashoshin YouTube masu maimaita tsohon hoto su ce kai tsaye ne: in ƙarfe biyar na yamma ta yi a Katsina kuka ga rana tsaka a Makka, ba na yanzu ba ne.

8. Ku san abin da kyamara ba ta iya nunawa.
Zafi ba ya fita a hoto. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce sama da mutum 1,300 suka rasu, a kwanakin da zafi ya haura digiri 50 a Makka, alhali mai kallo daga gida fararen tufafi da sarari mai haske kawai yake gani. Haka ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga yankin Bodele na ƙasar Cadi: tana iya yin laushi a ido amma ta tayar wa mai asma da ciwonsa, don haka ku haɗa hoton da lambar digiri, ku sa takunkumi da maganin shaƙa a jaka.

9. Mai hawa jirgi ya bi sawun jirginsa.
Hazo yakan jinkirta ko ya soke tashin jirage a filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina da na Malam Aminu Kano. Manhajar Flightradar24 tana nuna ko jirgin da zai zo ya ɗauke ku ya baro Abuja ko Legas. Amma kada ku ƙi zuwa filin saboda abin da kuka gani a waya, sai kamfanin ya tabbatar muku da canjin lokaci, don kada tikiti ya ƙone.

10. Taswirar Google ba kyamara ba ce.
Jan layi da koren layi a kan titi suna nuna saurin tafiyar motoci, daga wayoyin mutanen da ke cikinsu, kuma suna da amfani kafin ku shiga Kano ta Dawanau. Hoton gidaje da gonaki da ake gani daga sama kuwa tsoho ne, yana iya kai watanni ko shekaru.

11. Ku tattala data, ku kyautata wa mai turo muku.
Ku rage ingancin bidiyon YouTube zuwa 240 ko 360, domin ganin gajimare ba ya buƙatar hoto mai ƙyalli. Wanda kuke yawan sa wa ya fita bakin titi ya ɗauko muku, ku riƙa tura masa ɗan kati ba tare da ya tambaya ba. Ranar da sabis ya ɗauke kuma, ku je tasha ku tambayi direban da ya shigo yanzu-yanzu. Shi ya taka hanyar da tayarsa.

12. Hoto ya tsaya tsakaninku.
Kada ku sa direba ya yi muku kiran bidiyo yana tuƙi, fasinja ya yi. Kada a ɗauki shingen jami'an tsaro ko fuskokin mutane ba da izininsu ba, kuma halin da hanyoyinmu suke ciki ya isa dalilin da zai hana ku sanar da duniya a Facebook hanyar da za ku bi da lokacin fitarku.

13. In yaronku na karatu a ƙasar sanyi, ku leƙa tare.
Ɗalibanmu da ke Turkiyya sukan bi abokai zuwa Uludag kusa da Bursa ko dutsen Erciyes a Kayseri, kuma irin waɗannan wurare ne ainihin masu kyamarorin da na ambata. Ku ce ya duba ta ƙasan dutse da ta samansa duka, domin yanayinsu kan bambanta, ya kuma tabbatar agogon da ke jikin hoton yana tafiya. Kuɗin rigar sanyi da takalmi mai kauri ku tura masa ya saya a can, na kasuwarmu ba don wannan sanyin aka ɗinka su ba.

Tun kafin hazon bana ya sauka, ku zauna da iyali ku rubuta lambar mutum ɗaya amintacce a kowace hanya da kuke yawan bi, ta Kano da ta Daura da ta Jibiya da ta Dutsinma, ku liƙa takardar inda kowa a gidan zai gani. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.