Aikin Da Ake Yi Wa Ƙaramin Jirgi Kafin Ya Ƙetare Teku

Cessna 172, ƙaramin jirgin nan mai inji ɗaya da kujeru huɗu, yana fitowa daga masana'anta da tankunan da ke ba shi galan 53 na mai. Abin da zai yi awa biyar zuwa shida a sama ke nan. Tsakanin California da Hawaii kuwa akwai fiye da mil 2,000 na teku, babu wurin sauka ko ɗaya. Amma irin waɗannan jirage suna ƙetarewa idan za a kai su ga masu saye, kuma injiniyoyin da ke shirya su sun san cewa yawancin aikin a ƙasa ake gama shi.

Da mai ake farawa. Akan cire kujerun baya a girka ƙarin tanki a cikin ɗakin jirgin. Dabarar tsohuwa ce: a 1927 Charles Lindbergh ya ɗauki galan 450 daga New York zuwa Paris, babban tankinsa ya tare masa gaba har sai da aka sa masa madubin leƙe. Sai dai mai yana da nauyi. Galan 100 na avgas, wato man ƙananan jirage, ya kai kilo 270, don haka jirgin kan zarce nauyin da aka ƙayyade masa, kuma ba zai tashi ba sai da izini na musamman daga hukumar sufurin sama. Inda nauyin ya zauna ma abin lura ne. Idan ya karkata baya, hancin jirgin kan ɗaga da kansa, matuƙi ya sha wuya wajen danne shi. Shi ya sa ake ɗora jirgin a kan sikeli bayan an girka tankin, a sake lissafi daga farko.

Akwai ɗan siririn bututun da ke shigar da iska cikin tankin. Idan ya toshe, mai na nan dam amma ba zai gangaro wa inji ba. Injiniya nagari ba ya sa hannu sai an tashi jirgin a kusa da filin, an juya kowane famfo, an ga injin yana sha daga kowane tanki.

Sai injin kansa. Alƙaluman littafin masana'anta na sabon jirgi ne a yanayi mai kyau, saboda haka ake yin tashin gwaji na awoyi a auna ainihin abin da wannan injin ke sha, mai da baƙin mai duka. Akan yanka matatar baƙin mai a duba ko akwai burbushin ƙarfe, a gwada filogogi da maginito biyu. Injin da aka gama yi wa babban gyara jiya ba a kai shi kan teku yau, domin kuskuren haɗawa a awoyin farko yake bayyana.

Na'urorin gane hanya su ma suna yaudara. A Disambar 1978 Jay Prochnow ya ɓace da Cessna 188 tsakanin Pago Pago da tsibirin Norfolk bayan na'urarsa ta samu matsala. Kyaftin Gordon Vette na jirgin fasinjan Air New Zealand ne ya taimaka aka gano inda yake, ta hanyar auna tsayin rana da nisan da rediyo ke kaiwa. Prochnow ya sauka bayan awa 23 a sama. Yau akwai GPS, amma ana ɗaukar na biyu mai batirinsa daban, tare da rediyon HF, tunda rediyon yau da kullum ba ya kaiwa tsakiyar teku.

A arewacin Atilantika sanyi ne abokin gaba. Hanyar da aka daɗe ana bi takan tashi daga Goose Bay a Kanada, ta yada zango a Girinlan da Aisilan, ta sauka Wick a Sikotilan. Matuƙi kan sa rigar kariya daga ruwan ƙanƙara tun kafin ya tashi, domin idan inji ya mutu babu sararin sa ta. Kwale-kwalen roba yana ajiye inda hannu zai kai. Na'urar neman agaji kuma dole ta zama mai zango 406, domin tun Fabrairun 2009 taurarin ɗan'adam suka daina sauraron tsohon zangon 121.5.

Ɗan Najeriya Ademilola Odujinrin ya kammala zagaya duniya shi kaɗai da Cirrus SR22 a 2017. Duk mai irin wannan niyya a Afirka zai fuskanci ƙarancin avgas, domin filaye da yawa man manyan jirage kawai suke sayarwa. Akan buga waya a tabbatar da mai a kowane zango, a karɓi izinin ratsa sararin kowace ƙasa, sannan a lissafa iyakar wurin da man zai isa a juya baya idan iska ta sauya. Matuƙi yakan rubuta lokacin isa wannan wuri a takarda, ya manna ta a gabansa kafin ya kunna inji.