Sauyin Yanayi: Sakamakon Binciken Masana Da Darasin Kogin Binuwai

Mazauna unguwar Gwadabawa da sauran unguwannin Jimeta sun daɗe da sanin halin Kogin Binuwai, yadda yakan janye da rani har rairayi ya fito fili, sa'an nan ya cika ya batse da damina. Amma ambaliyar shekara ta 2012 da ta 2022 sun wuce abin da aka saba gani. A ta farko mutane 363 suka rasu a ƙasar nan, an kuma ƙiyasta hasarar dukiya ta kai Naira tiriliyan 2.6. A ta biyu kuwa waɗanda suka rasu sun haura 600. Jama'a da dama sun ɗora laifin a kan sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, wadda aka gama ginawa a 1982. Lalle madatsar tana da nata rabon, sai dai bincike ya nuna cewa tushen al'amarin ya fi haka zurfi.

Abin Da Kimiyya Ta Gano

Duk lokacin da aka ƙone itace ko gawayi ko fetur ko kwal, akan saki wata iska da ake kira iskar kabon. Ita wannan iska takan taru a sararin sama ta riƙe zafin rana, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Tun a 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafin cewa ƙaruwarta za ta ɗumama duniya. Kafin zamanin masana'antu yawanta kashi 280 ne cikin miliyan na iskar da ake shaƙa. Da aka fara auna ta a kai a kai a dutsen Mauna Loa na Amurka a 1958, an tarar ta kai wajen 315. A 2024 ta zarce 420, kuma a shekarar ce zafin duniya ya ɗara na wancan zamani da kimanin digiri ɗaya da rabi.

Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar danshi, saboda haka idan hadari ya haɗu ruwan yakan sauko da yawa cikin ɗan lokaci. Wani rukunin masana da ya yi nazarin daminar 2022 ya gano cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar samun irin wannan ruwa a yankin Tafkin Chadi har wajen sau 80. Watau ke nan madatsa tana sakin ruwa ne domin abin da ya sauko ya fi ƙarfin cikinta.

Lissafin Masana Tattalin Arziki

Akwai masu ganin rage hayaƙi aiki ne mai tsada wanda ƙasa mai tasowa ba za ta iya ba. A 2006 Nicholas Stern ya miƙa wa gwamnatin Ingila rahoto a kan wannan batu. Ya ƙiyasta cewa maganin matsalar zai ci kimanin kashi 1 cikin 100 na abin da duniya take samarwa kowace shekara, alhali kuwa yin sakaci zai jawo hasarar aƙalla kashi 5, mai yiwuwa har kashi 20. William Nordhaus, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 2018, ya ba da shawarar a ɗora haraji a kan hayaƙi domin mai ɓarna ya biya kuɗin ɓarnarsa. Masanan sun saɓa a kan saurin da ya kamata a bi, amma sun haɗu a kan cewa zama haka nan yana da tsada.

Matsayin Nijeriya

Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, amma tana cikin waɗanda suka fi shan wahalarsa. Duk da haka Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Faris ta 2015, ta kafa Dokar Sauyin Yanayi a 2021, ta kuma yi alkawarin cewa kafin 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda dazuzzukanta da sauran hanyoyi za su iya shanyewa ba. Jihar Adamawa tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa.

Abin Da Ya Rataya A Wuyan Jama'a

Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Ke nan duk bishiyar da aka sare aka yi gawayi da ita, ajiyarta ta koma sama, ƙasar da saiwoyinta suke riƙewa kuma ta zama abincin zaizaya. Domin haka ana kira ga magidanta su koma ga murhu mai tattalin itace ko na gas gwargwadon hali, manoma su daina ƙona daji, kowa kuma ya dasa bishiya ya kula da ita har ta kafu. Wajibi ne a guji gini a kan hanyar ruwa da zuba shara a magudanai, a kuma riƙa sauraren hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa take fitarwa kowace shekara. Idan hukuma ta ce a tashi daga bakin kogi, to a tashi tun ruwa bai iso ƙofar gida ba. Rigakafi dai ya fi magani.