Amsoshin Tambayoyinku: Bindigar gado a Zangon Wagadugu

Wani mai sauraronmu daga Zangon Wagadugu yana tambaya: mahaifinsa ya rasu ya bar bindigar farauta mai takarda, shin zai iya tafiya da ita kasuwar dabbobi saboda 'yan fashi?

To, Malam, Allah ya jiƙan baba. Amsa dai ita ce a'a. A Burkina Faso, dokar makamai ta 2021 ta ɗora izini a kan mutum, sunan marigayi ke jikin takardar, ba a gadonta kamar gona. Kuma izinin ajiye bindiga a gida daban, na yawo da ita daban. In jandarmomi suka tare motarku suka same ta ƙarƙashin kujera, laifi ya tabbata ko ba ka harba ba: za a ƙwace ta, ga tara, wataƙila har zaman gidan yarin MACO.

Cewa "don kare kaina ne" ba ya wanke ka a gaban alƙali. Hujjar kare kai tana aiki ne lokacin da ake kawo maka hari, ba ta halatta riƙe makamin. Abin da ya fi tasiri shi ne takarda mai sunanka, ko shaidar cewa wani ne ya cusa bindigar cikin kayanka ba da saninka ba.

Ka ɗauki takardun marigayi ka je ofishin 'yan sanda, su faɗa maka yadda ake sauya suna ko miƙa bindigar.