Darasi na 18: Kowa da mabuɗinsa

A karkarar Madawa da Buza da Keita, kowane gida yana da rumbu. Ba kowa ke hawa rumbu ya ɗebo hatsi ba, sai maigida ko wanda ya aika. Ma'aikatu ma suna da nasu rumbu. Amma abin da ke cikinsa ba gero ba ne, bayanan mutane ne.

A ma'aikatar magajin gari ana rubuta sunan jariri da ranar haihuwarsa da sunayen iyayensa. A asibiti ana rubuta ciwon mutum da maganin da aka ba shi. Da, cikin manyan littattafai ake rubutawa. Yanzu ma'aikatu da yawa suna zuba su cikin kwamfuta.

Sau da yawa ana haɗa kwamfutocin ma'aikata ɗaya da waya, su riƙa aiki tare. Akwai babba guda wadda ke ajiye bayanan duka. Kowane ma'aikaci yana da ɗakinsa a cikinta. Ɗakin nan ba na laka ba ne. Wuri ne da aka ware masa, mai ɗauke da sunansa da takardun aikinsa. Mabuɗin ɗakin shi ne kalmar sirri. In ya rubuta sunansa da kalmar nan, ƙofa ta buɗe, ko da a wata kwamfutar ma'aikatar ya zauna.

Akwai mutum guda mai kula da kwamfutocin. Shi ke buɗe wa sabon ma'aikaci ɗaki. Yana ba kowa izinin ganin abin da ya shafi aikinsa kaɗai. Mai rubuta haihuwa ba ya ganin lissafin kuɗi. In an maida ma'aikaci daga Buza zuwa Keita, sai a rufe ɗakinsa na Buza. Mai kula kuma yana kwafe bayanan, ya ajiye a wani wuri dabam, kamar yadda manomi ke keɓe iri. In kwamfuta ta lalace, ba a rasa kome ba.

Don me ake wannan wahala? In bayanan haihuwarka suka ɓata, za ka sha wuya ranar jarrabawa. In sirrin majinyaci ya fita, gobe zai ji kunyar zuwa asibiti. Shi ya sa ƙasarmu Nijar ta yi doka a shekarar 2017 don kare bayanan mutane, ta sabunta ta a 2022. An kuma kafa hukuma a Yamai don lura da bin dokar.

Mu riƙe

Bayanan mutane amana ne. Ba a ba da aron kalmar sirri, ko ga aboki. Ba a rubuta ta a manna a bango. Kada ta zama sunanka ko shekarar haihuwarka. In za ka tashi, rufe ɗakinka.

Tambayoyi

1. Mene ne mabuɗin ɗakin ma'aikaci?
2. Faɗi ayyuka uku na mai kula da kwamfutoci.
3. Don me ake ajiye kwafin bayanai a wani wuri?

Aiki

Dubi takardar haihuwarka a gida. Rubuta irin bayanan da ke cikinta. Waɗanne ne bai kamata ka faɗa wa baƙo ba?